Idan Shafin Imel Ɗin Kamfani Ya Ƙi Buɗewa: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar Saba

Ƙananan kamfanoni da makarantu masu zaman kansu da asibitocin kuɗi a Zariya sun fara gane cewa tura takardar farashi daga adireshin Gmail na manaja bai kai a tura ta da sunan kamfani kwarjini ba. Shi ya sa ake sayen domen, wato sunan kamfani na intanet, a buɗe wa ma'aikata akwatuna, sannan a kafa shafin da kowa zai shiga ta burauza ya karanta saƙonsa, ko yana ofis a PZ, ko yana sito a Dogarawa, ko yana gida a Tudun Wada. A nan ne aiki yake yawan cijewa. Wanda aka ɗora wa nauyin, sau da yawa matashi ne guda ɗaya da ke kula da firinta da kyamarori da komai, sai ya ga farin shafi ɗauke da lamba 500, manaja kuma yana tsaye a kansa yana cewa, "Malam, yau dai za mu ga saƙon nan ko?"

Abin da nake so ka riƙe kafin ka taɓa komai shi ne, shafin da kake gani ba shi ne imel ɗin ba. Shafin kamar yaron shago ne a bakin kanta: kaya suna sito, shi aikinsa ya karɓi buƙata ya shiga ya ɗauko. A tsarin da aka fi amfani da shi a kan Linux, burauza tana tambayar DNS, kundin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshi, inda saba take, wato kwamfutar da ke ɗauke da imel ɗin, ta isa ga Apache ko Nginx masu karɓar buƙatun burauza, su miƙa wa PHP, PHP ya tafiyar da Roundcube, manhajar shafin imel ɗin, ita kuma ta tambayi rumbun bayanai, ta nemi saƙonni wurin Dovecot, ta miƙa masu fita ga Postfix. Duk kuskuren da ya bayyana, a ɗaya daga cikin waɗannan gaɓoɓi ya tsinke. Aikinka ka gano wace gaɓa ce. Goge komai a sake ɗorawa, wanda shi ne abin da mutum ke fara tunani idan ransa ya ɓaci, yakan mayar da kai kan matsalar da ka baro, ga kuma asarar yini guda.

Fara da tambaya, ba da gyara ba

Nemi a turo maka hoton allon. "Ba ya yi" ba bayani ba ne. Kana son ainihin rubutun da ya fito da lokacin da ya fito. Sannan ka tantance abu uku: mutum ɗaya ne ko kowa, a ofis kaɗai ne ko har waje, kuma me aka canja kafin abin ya fara. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka kashe wayafai a wayarka, ka kunna data, ka buɗe shafin. In ya buɗe da data amma ya ƙi da intanet ɗin ofis, sabar lafiyarta ƙalau, matsalar tana tsakanin ofis da ita. In mutum ɗaya ne kawai, buɗe masa a tagar sirri ta burauza, domin tsofaffin kukis kan riƙe mutum a ƙofa.

Shafin bai ma bayyana ba

Idan burauza ta ce ba ta sami adireshin ba, DNS ne. Buga `nslookup mail.kamfaninku.com.ng` ka ga lambar IP, wato adireshin sabar a intanet, da zai dawo da ita. In babu komai, ko dai ba a saka rikodin A da ke haɗa wannan suna da lambar IP ba, ko kuma domen ɗin ya ƙare ba a sabunta ba. Na biyun ya fi yawa fiye da yadda ake zato, musamman inda wanda ya yi rajistar ya yi ta da imel ɗinsa na kansa sannan ya bar aiki. Domen mai ƙarewa da .ng yana ƙarƙashin hukumar NiRA, amma sabuntawa ta hannun dillalin da aka saya wurinsa ake yi. In kuma ka canja rikodin yanzu-yanzu ne, wasu kwamfutoci za su ci gaba da riƙe tsohon adireshi har wa'adinsa ya cika. A Windows, `ipconfig /flushdns` yana share shi.

Idan suna ya koma lambar da ta dace amma shafin yana ta juyawa har ya gaji, to hanya ce a toshe. Shiga sabar ka buga `ss -tlnp` ka tabbatar akwai manhajar da ke sauraro a ƙofa ta 80 da ta 443, waɗanda shafukan yanar gizo ke bi. Sai ka duba katangar tsaro da `ufw status`, kada kuma ka manta cewa kamfanonin da ke ba da hayar saba suna da tasu katangar daban a shafinsu. Masu amfani da cPanel, shafin sarrafa saba da kamfanonin haya ke bayarwa, su sani cewa shafin imel ɗinsu yana ƙofa ta 2096, kuma wasu rautocin ofis suna rufe duk ƙofar da ba su sani ba. A irin wannan hali adireshin da ya fara da webmail. kafin sunan domen yakan wuce, don shi ta 443 yake bi.

Akwai tarko guda da ya fi kama mutanenmu. An ajiye saba a ofis, an haɗa ta da rautar MTN ko Airtel ko Starlink, a cikin ofis komai na tafiya, amma daga Samaru babu wanda ke iya shiga. An buɗe ƙofofi a rauta, an sake buɗewa, shiru. Dalili shi ne irin waɗannan layuka galibi ba sa ba ka lambar IP taka ta kanka, lamba ɗaya ce kuke rabawa da jama'a da yawa, tsarin da ake kira CGNAT. Duba lambar da rautar ta samu daga kamfanin layi. In ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ta fara da 10, ko ta bambanta da wadda shafukan duba IP ke nuna maka, babu saitin da zai sa a iso gare ka daga waje. Sai dai ka sayi tsayayyar lamba daga kamfanin, ko ka mayar da sabar haya. Ni a ganina kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce talatin ba bai kamata ya ajiye sabar imel a ofis ba a garin nan. Wutar Kaduna Electric, da kuɗin man janareto, da ƙurar hunturu mai toshe fanka, da zafin Maris da Afrilu, duk za su taru a kan na'ura ɗaya wadda ake so ta kwana tana aiki.

Wani abin kuma: jiya ofis duka suna shiga, yau kowa ya kasa, amma da data yana buɗewa. Kusan kullum an kulle lambar ofis ne. Wani ya canja kalmar sirri, wayarsa kuma tana ta gwada tsohuwar kowane minti, sai mai gadin sabar, fail2ban ko cPHulk, ya ɗauka ɓarawo ne ya rufe wa ofis ɗin gaba ɗaya. Da `fail2ban-client status dovecot` za ka ga jerin waɗanda aka kulle, da `fail2ban-client set dovecot unbanip` tare da lambar za ka buɗe. Amma ka nemo wayar tukuna, in ba haka ba kafin la'asar an sake kullewa.

Jan gargaɗi game da tsaro

Kafin ka zargi satifiket, wato shaidar tsaron da shafi ke nuna wa burauza, duba agogo. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirinta na CR2032 ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai kwanan watanta ya koma shekarun baya, kuma burauza ba za ta amince da satifiket ɗin da a ganinta lokacinsa bai zo ba. A sabar ma ka buga `timedatectl`, ka tabbatar tana daidaita agogo da kanta, yankin lokaci kuma Africa/Lagos ne.

In agogo daidai ne, danna kan gargaɗin ka karanta dalili. Satifiket na kyauta na Let's Encrypt kwana 90 yake yi, kuma tun watan Yunin 2025 sun daina aika saƙon tunatarwa, don haka sabuntawar da ta lalace ba mai gaya maka sai ranar da shafi ya yi ja. Gwada `certbot renew --dry-run`. Yawanci za ka tarar wani ya rufe ƙofa ta 80 da sunan tsaro, alhali ta nan ake tantance cewa domen ɗin naka ne. Bayan an sabunta, ka sake loda Dovecot da Postfix, ba Nginx kaɗai ba, domin su ma suna riƙe da tsohon a ƙwaƙwalwa. Ka kuma nuna musu fullchain.pem, ba cert.pem ba.

Lambobin 500, 502, 503 da 504

Ganin ɗaya daga cikin waɗannan lambobi albishir ne ta wani ɓangare, don yana nufin DNS da hanya da katanga duk sun wuce. Abin da ya rage yana cikin gida, kuma sabar ta riga ta rubuta dalilin a kundin rahotonta. Buɗe taga biyu. A ɗaya ka buga `tail -f /var/log/nginx/error.log`, ko `/var/log/apache2/error.log` in Apache ne. A ɗayar ka sake loda shafin. Layin da ya faɗo a daidai wannan daƙiƙa shi ne amsarka. Roundcube ma tana da nata kundin, a foldar logs, ko a /var/log/roundcube in ta hanyar apt, umarnin ɗora manhajoji na Ubuntu, aka ɗora ta.

Tun kafin karatun ma, buga `df -h`. Faifan da ya cika yana haifar da kurakurai masu kama da komai: rumbun bayanai ya ƙi tashi, shiga ya gagara, saƙo ya ƙi ajiyuwa. Ka bi shi da `df -i`, saboda akwatunan imel ƙananan fayiloli ne dubbai, kuma gurbin lissafinsu na iya ƙarewa alhali sarari yana nan.

Lamba 500 na nufin manhajar ta fara aiki ta faɗi. A sabon kafi, dalilanta ba su da yawa. Ko an manta waƙafi ko alamar rufe zance a fayil ɗin saitin Roundcube, config.inc.php, wanda `php -l config.inc.php` zai nuna maka har lambar layin. Ko wani ɓangaren PHP bai shiga ba, irin su intl da mbstring, ka duba da `php -m`. Ko kuma sabar yanar ba ta da izinin rubutu a foldojin temp da logs. Maganin wannan shi ne a mallaka su ga www-data, asusun da sabar yanar ke aiki da shi, da umarnin chown. Za ka ga masu ba da shawarar a buga chmod 777, umarnin da ke ba kowa izinin rubutu, a kan komai. Shafin zai iya buɗewa, amma ka bar wa duk wanda ya sami ƙaramar kafa damar ajiye abin da ya ga dama a sabar da ke ɗauke da wasiƙun kamfani. A Apache akwai dalili na huɗu, wato fayil ɗin .htaccess da ke ɗauke da umarnin da sabar ba ta gane ba, kuma kundin zai ambaci sunan umarnin ƙarara.

Lamba 502 ta Nginx ce ke cewa ta ƙwanƙwasa wa PHP ba a amsa ba. Duba `systemctl status php8.3-fpm`, ko lambar da take kan taka na'urar. Wanda ya fi yawa shi ne bayan an ɗaga Ubuntu daga 22.04 zuwa 24.04: PHP ya tashi daga 8.1 ya koma 8.3, amma saitin Nginx yana nan yana neman /run/php/php8.1-fpm.sock wanda babu shi kuma. Gyara layi ɗaya ne, sai `nginx -t` don tabbatar ba ka ɓata wani abu ba, sannan ka sake loda ta. Lamba 503 sabis ne a tsaye ko ya cika, a hostin na haɗaka kuma tana nuna ka ƙure rabonka na ƙwaƙwalwa. Lamba 504 jira ne ya wuce kima, daƙiƙa 60 a saitin asali. Kada ka yi saurin ƙara lokacin, nemi abin da ake jira, galibi haɗin IMAP ne, wato hanyar ɗauko saƙonni daga Dovecot, da ke rataye a bayan rufaffiyar ƙofa.

Shafi ya buɗe, shiga ya gagara

A nan Roundcube tana magana da kalmomi, kuma kowace jimla da inda take nunawa. In ta ce DATABASE ERROR: CONNECTION FAILED, rumbun bayanai ne. Ko manhajar rumbun, MariaDB, ba ta tashi ba bayan wuta ta ɗauke ba zato, ka duba `journalctl -u mariadb`, ko kuma layin db_dsnw na config.inc.php, mai ɗauke da bayanan shiga rumbun, ba daidai yake ba. Kalmar sirrin da ke ɗauke da alamar @ ko / tana rikita wannan layi sai an sauya mata rubutu, don haka zaɓi mai tsawo ta haruffa da lambobi zalla. Ka kwantar wa mutane da hankali: saƙonni ba a wannan rumbu suke ba, adireshin abokan hulɗa da saituttuka ne kawai a ciki.

In ta ce Connection to storage server failed, ta kasa isa ga Dovecot. Gwada da hannunka: `openssl s_client -connect mail.kamfaninku.com.ng:993`. In ka ga layin da ya fara da * OK, Dovecot na raye, saiti ne ya karkace. Abu uku ake yawan kuskurewa. Na farko, ssl:// yana tafiya da ƙofa ta 993 da 465, tls:// kuma da 143 da 587, haɗa su a gicciye ba ya aiki. Na biyu, in ka rubuta ssl://localhost alhali satifiket ɗin da sunan domen aka yanke shi, PHP zai ƙi amincewa. Rubuta sunan da ke jikin satifiket, ko in duka a na'ura ɗaya suke ka bar shi localhost:143 kawai. Na uku, tun fitowar Roundcube 1.6 a 2022 sunayen saitin sun canja: default_host ya zama imap_host, smtp_server ya zama smtp_host, lambar ƙofa kuma a jikin sunan ake liƙa ta. Bayanai da yawa da ke yawo a intanet na tsohon tsari ne, wanda ya kwafe su ido rufe zai yi ta mamaki.

In kuma Login failed kawai ta ce, an isa Dovecot, shi ne ya ƙi. Kundin /var/log/mail.log zai bambance maka ko kalmar sirri ce ba daidai ba ko sunan ne ba a sani ba. Sau da yawa Hajiyar akawu ta rubuta sunanta ne kawai ba tare da @ da domen ba. Saka username_domain a saiti, ka huta da maimaita bayani.

Sai masu korafin ana koro su waje kowane ɗan lokaci, da saƙon cewa zamansu ya ƙare. Layin waya yana canja wa mutum lambar IP yana cikin aiki, sabar da aka ce ta riƙa lura da lamba kuma sai ta ɗauka an sace zaman. A Roundcube ka tabbatar ip_check a kashe yake. A WHM, shafin da mai hostin ke sarrafa cPanel da shi, akwai saitin Cookie IP validation wanda ke zuwa a strict, mai hostin zai iya sassauta shi zuwa loose.

Ana karantawa, ba a iya aikawa

SMTP Error 535 na nufin ba a amince da mai aikawa ba. Tabbatar smtp_user yana %u, smtp_pass yana %p, don a yi amfani da bayanan wanda ya shiga. In saƙo ya fita daga shafi amma bai isa ba, buga `mailq`. Layin da ya cika da connection timed out yana nuna an rufe maka ƙofa ta 25, abin da kamfanonin hayar saba da yawa, har da Amazon, ke yi wa sabon kwastoma sai ya nemi a buɗe. In kuma Gmail ne ke maido da saƙo, tun Fabrairun 2024 Google yana buƙatar duk mai aiko masa ya kasance da SPF ko DKIM, wato shaidar da ake sakawa a DNS cewa saƙon daga domen ɗinsa ya fito, lambar sabar kuma ta kasance da rikodin PTR mai komawa ga sunanta.

Batun liƙa fayil yana da shinge huɗu a jere, kuma mafi ƙanƙanta shi ke hukunci. Nginx yana tsayawa a megabait 1 ya ba da lamba 413 sai an ɗaga client_max_body_size. PHP yana da upload_max_filesize a megabait 2 da post_max_size a 8. Postfix yana yanke wa a kusan megabait 10, kuma fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya bisa uku idan aka liƙa shi a saƙo, don haka takardar kwangila mai megabait 8 ba za ta wuce ba.

In Exchange ne

Tunanin ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. Exchange sabar imel ce ta Microsoft, shafinta na Outlook na yana a kan IIS, sabar yanar Windows, yake zaune, kundinsa kuma Event Viewer ne. Fara da `Test-ServiceHealth` don ganin sabis ɗin da bai tashi ba. Farin shafi ko 503 bayan an taɓa satifiket yawanci yana nufin shafin Exchange Back End, mai sauraro a ƙofa ta 444, ya rasa satifiket ɗinsa. Buɗe IIS, ka shiga bindings, ka mayar masa da satifiket ɗin da ake kira Microsoft Exchange, sannan `iisreset`. Ka leƙa MSExchangeOWAAppPool ma, ko ya tsaya.

Lamba 500 bayan shigar da kalmar sirri tana da sanannun dalilai biyu. Ɗaya shi ne ƙarewar Microsoft Exchange Server Auth Certificate, wanda ke yin shekara 5 kuma ba a tunawa da shi tun da ba ya bayyana a burauza. Bayan an sabunta shi yakan ɗauki sa'o'i kafin shafi ya dawo, kada ka ɗauka gyaran bai ci ba ka shiga warware wasu abubuwa. Ɗayan shi ne an ɗora sabuntawar tsaro ba da ikon admin ba, ta tsaya a rabi. A sake ɗora ta daga tagar umarni mai cikakken iko, in shafin bai daidaita ba a gudanar da UpdateCas.ps1 da UpdateConfigFiles.ps1 da ke foldar Bin.

Microsoft ya daina tallafa wa Exchange 2016 da 2019 tun 14 ga Oktoban 2025. Wanda ya tuna yadda aka fasa dubban sabobin Exchange a faɗin duniya a Maris 2021, ta wannan ƙofar yanar, ya san abin da buɗe tsohuwa ga intanet ke jawowa. In kamfaninku na kan ɗaya daga cikinsu, ka kai wa shugaba maganar ƙaura a rubuce.

Bayan shafi ya dawo

Goge foldar installer ta Roundcube, ko ka tabbatar enable_installer a kashe yake. Gwada da akwatin ma'aikaci na gaske, ba naka na admin ba: ka shiga, ka aika zuwa Gmail, ka amsa daga can, ka liƙa fayil mai nauyi, sau ɗaya da intanet ɗin ofis, sau ɗaya da data. Sannan ka kashe sabar da gangan ka kunna, ka ga ko Nginx da PHP da MariaDB da Dovecot da Postfix duk sun tashi da kansu. Wanda bai tashi ba ka buga masa `systemctl enable`. In sabar tana ofis, shiga BIOS ka saita ta ta kunna kanta idan wuta ta dawo, ka kuma cire filogin UPS daga bango na ƴan mintuna ka ga ko batirinsa zai riƙe ta har a tayar da janareto.